Gawayin da ke kama guba, da lokacin da yake sakinta

Duk wanda ya taɓa ratsa wurin masu fentin mota a Maradi da tsakar rana ya san warin nan mai kaifi da ɗan zaƙi-zaƙi, wanda ke shiga hanci ya tsaya a goshi. Shi ne a rumfar kafinta idan ana shafa wa gado ko kabad man sheƙi, shi ne a wurin mai gyaran takalma da sholisho, shi ne kuma a bakin titi inda ake juye esansi daga jarka zuwa kwalba. Abin da hanci ke ji ɗin nan wani ɓangare ne na ruwan da kansa, ya tashi ya shiga iska. Sinadaran da ke cikin tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da fenti da gam da man fetur ba sa jiran a ɗora su a wuta kafin su zama tururi, zafin gari ma ya ishe su. Shi ya sa ake kiransu sinadarai masu saurin tashi. Daga cikinsu akwai benzin da toluwin da zailin da asiton da fomaldihaid. Toluwin na kawo ciwon kai da jiri, idan aka daɗe ana shaƙarsa kuma ya taɓa jijiyoyi. Benzin ya fi shi sharri: an tabbatar yana haddasa kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nasa a iska da za a ce ba ya cutarwa.

Kariyar da aka fi dogara da ita daga wannan tururi ita ce wani baƙin gawayi da aka sarrafa, wanda a kan kwalaye masu rubutun Faransanci za ka ga an sa masa suna sharbon aktif. Shi ne a cikin gwangwanaye biyun da ke gefen takunkumin mai fenti, shi ne a cikin wani baƙin akwati da ke ɓoye a jikin mota kusa da tanki ko inji, shi ne a na'urorin tace iska da na tace ruwa. Yana aiki, babu shakka. Amma akwai abu ɗaya game da shi da masu amfani da shi suka fi jahilta, kuma shi ne ya fi shafar lafiyarsu: gawayin nan ba ya kashe guba, ba ya narkar da ita. Riƙe ta yake yi. Gubar da ta shiga jiya tana nan ciki yau yadda ta shiga, kuma idan yanayi ya sauya za ta fito.

Gawayin da muke dafa shayi da shi, da wannan, asalinsu ɗaya ne. Ana samo su daga itace, ko ɓawon kwakwa, ko kwal na ƙarƙashin ƙasa. Da farko a gasa kayan inda iska ba ta shiga, a zafin digiri 400 zuwa 600, har ruwa da ƙaro da hayaƙi su fita, a bar baƙin ƙashi. A nan mai gawayin daji yake tsayawa. Mai sarrafawa kuwa sai ya ƙara mataki: ya mayar da gawayin tanda, a zafin digiri 800 zuwa 1000, ya hura masa tururin ruwa. Tururin yana cin jikin gawayin daga ciki, yana buɗe kafofin da ƙaro ya toshe, yana haƙa sababbi, har ƙwaya guda ta zama ramuka cikin ramuka. Akwai wata hanyar da ake jiƙa itacen da asid na fosfo ko wani sinadari kafin a gasa, ita ba ta buƙatar zafi mai yawa haka.

Sakamakon yana da wuyar shiga hankali. Idan aka auna bangon duk ramukan da ke cikin giram ɗaya na gawayi mai kyau, aka shimfiɗa shi, zai kai kimanin murabba'in mita 1000. Giram 10 ke nan ya ba da hekta guda. Gawayin murhu bai kusanci wannan ba ko kaɗan, don haka mai ƙulla garin gawayi a tsumma ya ɗaura a hanci yana fenti bai kare kansa daga komai ba.

Ramukan ba girmansu ɗaya ba. Masana sun kasa su uku da ma'aunin nanomita, wato a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki kashi guda. Manya sun haura nanomita 50, matsakaita suna tsakanin 2 da 50, ƙanana ba su kai 2 ba. Manya da matsakaita hanyoyin shiga ne. Ainihin kamun a ƙananan yake, domin kusan duk faɗin bangon nan da muka ambata a cikinsu yake. Ƙwayar benzin ko ta toluwin, wato ɗan ɓurɓushi mafi ƙanƙanta na sinadarin, ba ta kai nanomita ɗaya ba, saboda haka idan ta kutsa cikin ramin da ya ɗan fi ta faɗi, bango na jan ta ta dama, bango na jan ta ta hagu, sai ta maƙale.

Mene ne yake jan ta? Akwai wani ɗan ƙarfi mai rauni da ke tsakanin kowace ƙwayar sinadari da maƙwabciyarta idan sun matso kusa sosai, wanda aka sa wa sunan wani masani ɗan Holan, Ban da Wals. Wannan ƙarfi ne ke haɗa ƙwayoyin man fetur su zauna a matsayin ruwa. Shi ne kuma ke manna tururin a bangon gawayi. Ba a ƙulla wata sabuwar alaƙa ta sinadari ba, toluwin bai rikiɗe ya zama wani abu ba. Ya zauna ne kawai a inda aka fi jan sa. A cikin ramukan da suka fi matsi ma ƙwayoyin kan cunkushe har su koma kamar ruwa, shi ya sa gawayi kan iya ɗaukar toluwin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ko fiye, idan tururin ya yi kauri a iska. Idan kuwa tururin kaɗan ne, abin da zai riƙe ya ragu sosai.

Ba kowane sinadari yake riƙewa da ƙarfi ɗaya ba, kuma akwai alama mai sauƙi ta gane wanda zai zauna da wanda zai zille: a duba zafin da yake tafasa. Zailin sai wajen digiri 140 yake tafasa, toluwin 111, benzin 80. Waɗannan suna da ɗan nauyi, gawayi na riƙe su da kyau, zailin ya fi, toluwin na bi masa. Asiton a digiri 56 yake tafasa, riƙonsa sako-sako ne. Fomaldihaid, wanda ke fita daga katakon da aka manna da gam da wasu kayan ɗaki, tun a digiri 19 ƙasa da sifiri ya zama iska, gawayi zalla ba ya iya masa sai an jiƙa shi da wani sinadarin da zai ɗaure shi. A Turai an raba gwangwanayen takunkumi a kan wannan ƙa'ida. Mai harafin A da zobe ruwan ƙasa na tururin da ke tafasa sama da digiri 65 ne. Mai AX na waɗanda ke ƙasa da haka ne, kuma shi ba a ajiye shi don gobe. Na Amurka masu tururin irin wannan baƙin tambari gare su.

An daɗe da sanin gawayi na shanye iska. Wani mai haɗa magunguna a Suwidin, Shile, ya rubuta hakan a 1773. Hanyar sarrafa shi da tururi ko sinadari don kasuwanci ta zo ne a 1900 da 1901 ta hannun wani masani mai suna Ostireko, sannan yaƙin duniya na farko ya ba abin ƙaimi, lokacin da aka fara harba iskar guba, wani masanin Rasha Zelinski ya ƙera takunkumi mai gawayi a 1915. Takunkumin mai fentin Maradi jikan wancan ne.

Yanzu ga inda maganar take. Ƙwayar da ta maƙale a bango ba a kwance take ba, tana ta karkarwa, domin duk abin da ke da zafi a jikinsa motsi yake. Lokaci zuwa lokaci sai ta sami ƙarfin fizgewa ta koma iska, wata ta maye gurbinta. Kullum ana shiga ana fita. Idan iskar waje cike take da tururi, masu shiga sun fi yawa, gawayi yana ɗauka. Idan iskar waje ta yi tsabta, masu fita sun fi yawa, gawayi yana saki. Matanmu sun san wannan a aikace: a turara zane da turaren wuta, zaren ya kama ƙamshin, a ninke a sa a akwati ya daɗe, amma a shanya shi a rana ko a ɗora masa dutsen guga sai ƙamshin ya tashi ya cika ɗaki. Gawayi ya fi zane ramuka nesa ba kusa ba, amma dokar ɗaya ce.

Gwangwanin takunkumi ba ya cika gaba ɗaya lokaci guda. Gawayin da ke bakin shigar iska shi yake fara ƙoshi, sai aikin ya matsa ciki, ya ƙara matsawa, bayansa ƙosasshe, gabansa sabo. Muddin akwai sabo a gaba, iskar da ke isa hanci tsaf take. Ranar da ƙoshin ya kai ƙarshen gwangwani, tururi ya fara ɓullowa, kaɗan da farko, sannan da sauri. Daga waje babu abin da ya sauya. Launin gawayin na nan, numfashi bai yi nauyi ba. Yawanci masu aiki suna jira sai sun ji wari kafin su ce ya mutu, kuma a nan haɗarin yake. Hancin da ya yini cikin tina ya gaji, ba ya jin ƙaramin wari. Benzin kuwa hanci ba ya kama shi sai ya wuce adadin da hukumomin lafiyar ma'aikata suka yarda da shi.

Abubuwan da ke gaggauta wannan ɓullowa kusan duk muna da su a Maradi, kuma na farkonsu zafi ne. Kamun tururi yana fitar da ɗan zafi, don haka sanyi ke taimaka masa, zafi kuma ke warware shi. Gwajin da ake yi wa gwangwanayen nan a ƙasashen da ake ƙera su a digiri 20 zuwa 25 ake yin sa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni na haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rumfar kwano. A irin wannan zafi ana cutuwa ta fuska biyu: tina na tashi fiye da kima, iska ta ƙara kauri da shi, gawayi kuma ya rage abin da zai iya riƙewa. Ga mai aiki na haki, yana jan iska da yawa, kuma gwargwadon yawan numfashi gwargwadon saurin cikar gwangwani. Wanda ya ɗauka kwanakin da gwangwani ya yi masa a watan Janairu zai yi masa su a bazara ya yi kuskuren lissafi.

Da damina ta sauka sai wani abokin hamayya ya shigo, wato laima. Gawayi ba mai son ruwa ba ne, idan iska a bushe take kamar ta hunturu bai damu da ɗan tururin ruwan da ke cikinta ba. Amma da laimar iska ta haura kashi 50 zuwa 60 cikin 100, sai ruwa ya fara taruwa a ƙananan ramukan nan, ya cinye wurin da toluwin zai zauna. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka na ba da ƙiyasin cewa laimar da ta wuce kashi 85 na rage wa gwangwani rabin rayuwarsa. Safiyar Agusta bayan ruwan dare kan kai nan. Hunturu shi ma ba ya barin mu haka, domin ƙurarsa na toshe fuskar gwangwani, kodayake ita matsalarta da sauƙi: a sa auduga mai tace ƙura a gaba, wadda dama mai fesa fenti ba shi da makawa sai da ita, tunda feshin ɗigo-ɗigo ne ba tururi kaɗai ba.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, domin ba ya zuwa a tunanin kowa. Tina ba sinadari ɗaya ba ne, gauraye ne. Idan asiton da toluwin da zailin suka shiga gwangwani tare, marar nauyin ne ke yin gaba ya zauna a sabon gawayi. Mai nauyi na biye, da ya iso sai ya ture shi ya ƙwace wurin, domin bango ya fi jan sa. Wanda aka ture ya ƙara gaba, a sake ture shi, har ya taru a bakin fita. Idan ya ɓullo, yakan fito da kaurin da ya fi na iskar rumfar, saboda wanda ke shigowa yanzu ya haɗu da wanda aka tara tun safe. A wannan ɗan lokaci mai takunkumi na shaƙar asiton fiye da yaron da ke tsaye gefensa fuska a buɗe.

Ajiya ma tana da nata. An tashi daga aiki, an rataye takunkumi a ƙusa cikin shagon da gwangwanayen fenti ke buɗe. Gawayi bai san an tashi ba, yana ta ɗauka har gari ya waye. Ko an fitar da shi waje, tururin da ya taru a baki zai riƙa rarrafawa cikin dare yana bazuwa zuwa ɓangaren da ke da tsabta, musamman marasa nauyin. Gobe da safe numfashin farko ya kwaso shi. Saboda haka ake cire gwangwani a sa a leda mai kauri ko kwano mai murfi, a ajiye a inda ya fi sanyi, a rubuta ranar da aka buɗe shi a jikinsa. Na san ba araha gare shi ba, kuma na san abin da ke sa maigida ya shekara da guda ɗaya yana miƙa wa yaransa. Amma gwangwanin da ya ƙoshi ya fi rashinsa illa ta wata fuskar, domin marar takunkumi yakan ja baya idan wari ya yi yawa, mai shi kuwa yana kutsa kai cikin feshi da natsuwar wanda yake ganin an kare shi.

Wannan halin saki da ke cutar da mai fenti shi ne kuma injiniyoyi suka mayar abin amfani. Misalin da ya fi kusa da mu na cikin mota ne. Tun farkon shekarun 1970 doka a Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci su hana tururin fetur fita daga tanki zuwa iska, daga baya Turai da Japan suka bi. Dabarar ita ce baƙin akwatin nan mai gawayi. Mota na ajiye a rana, fetur na tashi a tanki, tiyo na kai tururin akwati, gawayi ya riƙe. Da aka tayar da inji ya ɗumama, sai wani bawul ya buɗe, inji ya zuƙo iska mai tsabta ta cikin gawayin, iskar ta kwashe tururin ta kai shi ya ƙone tare da mai. Gawayi ya sake samun wuri. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Kusan duk motar fetur ta hannu da ake shigo mana da ita tana da shi. Abu biyu ke kashe shi a nan. Ɗaya, al'adar cika tanki har baki, ana girgiza mota don a ƙara: ruwan fetur ya bi tiyo ya jiƙa gawayin da aka yi don tururi, ya lalace. Biyu, idan ya fara ba da matsala wasu makanikai kan cire shi ko su bar tiyon a buɗe. Daga ranar, man da ka saya da kuɗinka yana tashi a iska, har da benzin ɗin cikinsa, sau da yawa a zauren gida inda yara ke wasa.

A manyan masana'antu, kamar na ɗab'i da ke amfani da toluwin mai yawa, ana jera tankuna biyu na gawayi. Ɗaya na kama tururi, ɗaya ana hura masa tururin ruwa mai zafi, ko iskar naitirojin mai zafi, ko a zuƙe iskar cikinsa, har ya saki abin da ya riƙe. A sanyaya abin da ya fito, toluwin ya taso saman ruwa tunda ba sa gauraya, a kwashe a mayar da shi aiki. Sai tankunan su yi musaya. Duk da haka ba kowace ƙwaya ke fita ba. Masu nauyi sosai suna maƙalewa a ramuka mafi matsi, kowane zagaye ana barin saura, har gawayi ya gaji. A nan sai an kai shi tanda ta musamman a digiri 800 zuwa 900, inda saurar ke ƙonewa, kuma a kowace irin wannan gasawa ana asarar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na gawayin.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa shanya gwangwanin takunkumi a rana ba ya sabunta shi. Ranar Maradi ta isa ta sa shi ya saki wani abu, ya rage wari har mutum ya yi zaton ya warke, amma ba ta isa ta fitar da zailin daga ƙananan ramuka ba. Ɗora shi kusa da wuta kuma ganganci ne. Gawayi makamashi ne, ga shi cike da tururi mai kamawa. A masana'antu ma an sha samun gobara a tankunan gawayi idan suka ɗauki asiton da danginsa da yawa iska kuma ta tsaya, domin zafin kamun yana taruwa a ciki.

Akwai gubar da gawayin nan ba ya taɓawa sam, kuma rashin sanin haka na iya kai mutum lahira. Iskar kabon monoksaid, wadda janareto da gawayin murhu ke fitarwa a ɗaki rufe, wucewa take ta cikinsa kamar babu shi. Ba ya kuma ƙara iskar shaƙa inda ta yi ƙaranci, don haka ba a shiga tankin mai ko rijiya da shi. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan ƙarfafawa, yana ɗauke da wani sinadari, aisosayanet, mai haddasa asma ko da ɗan kaɗan ne, hanci kuma ba ya jin sa da wuri. A Ingila shawarar hukuma ga masu fesa shi ita ce takunkumin da ake turo wa iska ta tiyo daga waje. Inda babu halin wannan, abin da ya rage shi ne a yi feshin a sarari, iska na kaɗawa daga bayan mai aiki, a kuma kori yaran da ba su da aiki a wurin.

Kayan yin gawayin kuwa ba su fi ƙarfinmu ba. Ɓawon kwakwa ya yi suna ne saboda taurinsa, wanda ke ba da ƙananan ramuka masu yawa, irin waɗanda tururi ke buƙata. Ƙwallon goriba da na aduwa su ma masu tauri ne, kuma masu bincike a jami'o'in yankinmu sun gwada yin sarrafaffen gawayi da su, da ɓawon gyaɗa, wanda jihar Maradi ba ta rasa shi. Wahalar tana wajen tandar da za ta riƙe digiri 900 daidai, da kuma awo: a san faɗin ramukan kowane buhu, a san giram nawa na toluwin zai riƙe a digiri 42 da laimar Agusta. Irin wannan awon nake fatan ganin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta ɗauka, ko da a kan gwangwanayen da ake sayarwa a kasuwa yanzu ne, don mai fenti ya sami adadin awannin da zai dogara da shi a yanayin garinsa.